FILAYAR ALJIHU DA YANKAN WAYA A WURIN GINI

Darasi domin Hakimai da Malamansu

1. Dalilin wannan bayani

Ginin zamani ba ya yiwuwa sai da waya. Da ita ake ɗaure rodi kafin a zuba kankare, da ita ake kewaye makabarta da makaranta da gandun itatuwa, ta cikinta kuma wutar lantarki take bi ta shiga ɗakuna. Waya kuwa a naɗe ake sayar da ita, saboda haka duk inda za a yi aiki da ita lalle ne a tanadi abin da za a yanka ta da shi.

Tun da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a shekarar 1976, gine-ginen da En'e take yi a da sun koma hannun ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha. Amma aikin gayya har yanzu ta ƙofar hakimi yake bi. In jama'a suka tashi kewaye makabarta, ko ƙara aji a makaranta, ko gyara rumfunan kasuwa, hakimi ne ake sa wa ido a kan kuɗin da aka tara, malaminsa kuma shi yake rubuta abin da aka saya da wanda aka danƙa wa.

A cikin kayan aikin da ake gani a kasuwa yanzu akwai wata filaya mai naɗewa, wadda aka ɓoye wuƙa da zarto da magagari da sukundireba a cikin mariƙinta. A wannan takarda za a kira ta filayar aljihu. Mai sayarwa yakan ce ita kaɗai ta isa aikin kaya goma. Maganar tana da gaskiya a ciki, amma ba dukanta ba. Filayar aljihu tana yanka waya mai laushi, siririya, ba tare da wahala ba. In aka kai ta ga waya mai tauri ko mai kauri, sai bakinta ya yi giɓi, kuɗin jama'a ya tafi a banza, wani lokaci ma har ma'aikaci ya ji ciwo. Abin da ake so hakimi da malaminsa su sani shi ne inda iyakarta take, da dalilin da ya sa take nan.

2. Asalin filayar aljihu

Dabarar tara kayan aiki da yawa a ƙota ɗaya ba sabuwa ba ce. A shekarar 1891 wani maƙerin wuƙaƙe na ƙasar Suwizalan, Karl Elsener, ya soma ƙera wa sojan ƙasarsu wuƙa mai naɗewa wadda take da mabuɗin gwangwani da sukundireba da abin huda fata. Sai dai wannan wuƙa ce aka yi wa ƙari, ba filaya ba.

Wanda ya sa filaya ta zama uwar kayan shi ne wani injiniya na Amurka mai suna Tim Leatherman. A shekarar 1975 ya yi doguwar tafiya a ƙasashen Turai cikin wata tsohuwar mota mai yawan lalacewa, ba shi da abin gyara sai wuƙar aljihu, kullum kuwa abin da yake nema filaya ne. Da ya koma gida ya yi shekaru yana gwaji, har a 1983 ya kafa kamfani a birnin Fotlan na jihar Oregon, ya fitar da ta farko. Daga baya kamfanin Gerber na wannan birni ya fito da tasa, kamfanin Victorinox na Suwizalan kuma ya fito da tasa a 1997. Yau masana'antu da yawa suna yin irinta, waɗansu masu kyau, waɗansu kuwa kama ce kawai.

Akwai abin lura a wannan tarihi. Matafiyi ne ya ƙago ta domin larurar hanya, watau don ta fid da mutum kunya a inda babu akwatin kayan aiki kusa. Ba a yi ta don mai sana'a ya wuni yana yanka waya da ita ba. Matsakaiciyarta in an naɗe ba ta wuce santimita 10 ba, nauyinta kuma kimanin rubu'in kilo ne. Wannan ƙanƙanta ita ce amfaninta, ita ce kuma take rage mata ƙarfi.

3. Yadda filaya take yanka waya

Filaya ƙarafa biyu ne da aka giciya, aka haɗa su da ƙusa a tsakiya. Gefe ɗaya shi ne mariƙi, ɗayan kuwa baki. A gindin bakin, dab da ƙusar, akwai ɗan wuri mai kaifi, shi ne mayankin waya. Hikimar sa shi a nan ita ce wadda leburori suke yi in za su ɗaga dutse: su zura ƙarfe mai tsawo a ƙarƙashinsa, su tokare shi da ɗan dutse kusa da kayan, sa'an nan su danna can ƙarshe. Gwargwadon tsawon wajen dannawa, gwargwadon sauƙin ɗagawa.

Ga lissafin. A ce daga ƙusar zuwa inda hannu ya kama santimita 10 ne, an kuma sa wayar santimita 1 daga ƙusar. In mutum ya matsa da ƙarfin kilo 20, abin da zai sauka a kan wayar kilo 200 ne, watau ninki goma. In aka matsar da wayar ta koma santimita 2 daga ƙusar, sai ya ragu ya zama kilo 100. Wannan shi ya sa ake tura waya can gindin baki kafin a matsa. Shi ya sa kuma filayar aljihu, mai gajeren mariƙi, ba za ta taɓa kamo babban almakashin rodi ba, wanda tsawonsa yakan kai santimita 60 ko 90, ga shi kuma da gaɓoɓi biyu masu ƙara ninka ƙarfi.

Mayankin waya iri biyu ne. Akwai mai aiki kamar almakashi, inda kaifin biyu suke gogar juna su wuce. Akwai kuma mai aiki kamar haƙori, inda suke haɗuwa baki da baki su datse. Yawancin filayoyin aljihu irin almakashi ne. Suna yanka sumul in ƙusar tsakiya tana da ƙarfi, amma da zarar ta yi sako-sako sai siririyar waya ta lanƙwashe ta shige tsakanin kaifin biyu ba ta yanku ba. A masu kyau akan bar wani ɗan lungu a can ƙarshen gindi, wanda aka yi musamman domin waya mai ɗan tauri. Wanda bai san da shi ba yakan ɓata kaifin gaba a banza.

Sai maganar ƙarfen da aka yi ta da shi. Jikin filayar aljihu farin ƙarfe ne wanda ba ya saurin tsatsa, an zaɓe shi ne don ya jure gumi da ruwa. Filayar masu sana'a kuwa akan ƙera ta da ƙarfen kayan aiki, a ƙara wa bakinta tauri dabam, kamar yadda maƙeri yake gasa bakin gatari ya tsoma shi a ruwa. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce: ƙarfe ba ya yanka ƙarfe sai ya fi shi tauri. In wayar ta kusa kai taurin mayankin, mayankin ne zai lotsa.

Don maganin wannan, waɗansu kamfanoni suka koma yin mayankin dabam, su ɗaura shi da ƙananan sukurori yadda za a iya cire shi a sa sabo. Kamfanin Leatherman ya sa irin wannan a filayarsa Super Tool 300 a 2009, da kuma Wave+ a 2018. Waɗansu filayoyin Gerber suna da mayanki mai kusurwa uku na wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri, in gefe ɗaya ya lalace a juya wani. Amma abu mai tsananin tauri yana da halin tangaran, ba ya lotsawa, sai dai ya ɓantare in an murɗa shi.

4. Kauri da tauri

Abu biyu suke sa waya ta yi wuyar yanka, kaurinta da taurinta. Ya kamata malamin hakimi ya riƙe su dabam-dabam, gama siririyar waya tana iya ɓata filayar da mai kauri ba ta ɓata ba.

A kasuwa da geji ake faɗin kaurin wayar ƙarfe, kuma lambar tana tafiya ne a juye: in lamba ta ƙaru, waya ta ƙara siranta. Geji 16 kimanin milimita 1.6 ne, ita ce wayar ɗaurin rodi da aka fi sani. Geji 12 da rabi kimanin milimita 2.5 ne, shi ne kaurin silin waya mai ƙaya da aka saba gani. Geji 8 kuwa kimanin milimita 4 ne.

In kaurin waya ya ninka biyu, naman ƙarfen da za a ratsa ninki huɗu yake yi, ba biyu ba. Fuskar yankan waya mai milimita 1.6 murabba'in milimita 2 ce. Ta mai milimita 3.2 murabba'i 8 ce. Rodi mafi ƙanƙanta da aka saba sawa a gini, mai milimita 8, fuskarsa murabba'i 50 ce, watau ya ninka wayar ɗauri sau 25. Mai milimita 12 ya haura murabba'i 110. Wanda ya riƙe wannan lissafi ba zai yarda a ce masa filayar aljihu tana yanka rodi ba.

Tauri kuma ana kwatanta shi da nauyin da waya take ɗauka kafin ta tsinke. A kowane murabba'in milimita ɗaya, jan ƙarfe mai laushi irin na wayar lantarki yana ɗaukar kimanin kilo 22. Baƙar wayar ɗauri tana ɗaukar kimanin kilo 40. Wayar shinge mai tauri, irin wadda ake ja a ɗame, tana wuce kilo 100. Wayar sifirin siririya tana iya kaiwa kilo 200. Saboda haka wayoyi biyu masu kauri ɗaya, wata tana iya fin wata wuyar yanka nesa ba kusa ba.

Ba a bukatar na'ura kafin a gane taurin waya. Hanya ta farko, a lanƙwasa ta da yatsu. In ta tsaya yadda aka lanƙwasa ta, mai laushi ce. In ta yi tsalle ta koma yadda take, mai tauri ce. Hanya ta biyu, a goga mata magagari. In ya ci ta har gari ya zuba, za ta yanku. In ya zame yana ƙara bai bar alama sosai ba, kada a kai mata filaya.

5. Wayoyin gini kashi uku

Kashi na farko su ne waɗanda filayar aljihu mai kyau take yankawa lafiya lau. A cikinsu akwai wayar lantarki ta jan ƙarfe ta cikin gida, mai murabba'in milimita 1.5 ko 2.5 ko 4, muddin babu wuta a jikinta. Akwai baƙar wayar ɗaurin rodi, da ragar kaji, da ragar sauro ta taga, da siririyar wayar alminiyam.

Kashi na biyu su ne waɗanda za ta yanka in larura ta kama, a cikin lungun gindi, kuma ba da yawa ba. Babbar cikinsu ita ce waya mai ƙaya. Irin wadda aka fi sani yau ta samo asali ne daga wani manomi na Amurka, Joseph Glidden, wanda ya sami takardar mallakar dabarar a 1874, kuma har yanzu sili biyu ake tufkawa su riƙe ƙayar. Taura biyu ba ta taunuwa: a ware silin, a yanka ɗaya, sa'an nan a yanka ɗayan. Haka kuma ragar shinge mai manyan idanu, da ƙananan ƙusoshin katako na inci ɗaya. Filaya mai araha wadda ba a san masana'antarta ba, ko wannan kashi bai kamata a gwada ta a kai ba.

Kashi na uku su ne waɗanda ba a kai musu filayar aljihu ko kaɗan: rodi kowane iri, ragar ƙarfe mai walda da ake shimfiɗawa cikin kankare, ƙusar kankare, sifirin, wayar da take cikin bakin tayar mota, sarƙa, da hancin kwaɗo. Waɗannan aikin babban almakashin rodi ne, ko zarton ƙarfe, ko injin yanka mai faifai wanda masu walda suke aiki da shi. Igiyar ƙarfe mai sili da yawa ita ma tana cikin wannan kashi, ko da siririya ce, domin silinta masu tauri ne, filaya kuma murƙushe ta take yi ta warware bakin. Tana da nata almakashin mai lanƙwasasshen baki wanda yake rungumar ta kafin ya yanka.

In waya mai tauri ta tare aiki a daji, babu babban almakashi kusa, akwai dabara. A buɗe magagarin da yake cikin filayar, a yi wa wayar tsaga a gefe ɗaya, sa'an nan a kama ta da bakin filayar a yi ta lanƙwasawa gaba da baya a daidai tsagar har ta karye. Da haka aiki ya biya, mayanki kuma ya tsira.

6. Abin da ya sa mai sana'a yake bukatar nasa kaya

Ko a wayar da take iya yankawa, filayar aljihu ba ta dace da aikin yini ba, lissafi kuwa zai nuna dalili. A ɗauki rufin kankare na ɗaki mai mita 4 a tsaye, mita 4 a kwance, a jera rodi kowane santimita 20. Za a sami rodi 21 ta kowace fuska, wuraren da suka giciya kuwa 441. Ko rabinsu kaɗai aka ɗaure, ɗauri 220 ke nan, kowanne da murɗawa da yankewa. Wannan ɗaki ɗaya ne tak.

Mai ɗaurin rodi yana da tasa filayar, mai tsawon santimita 22 zuwa 30, wadda kaifinta yake a goshi kamar haƙoran gaba. Da ita yake kama waya, ya murɗa, ya datse, duk a motsi ɗaya. Jamusawa suna kiranta da sunan Joseph Monier, wani mai aikin lambu na Faransa wanda ya sami takardar mallakar dabarar sa ragar ƙarfe cikin siminti a 1867. Filayar aljihu kuwa mayankinta a gindi yake, sai an saki wayar an sake kama ta kafin a yanka, ga mariƙinta mai gefe-gefe yana cin tafin hannu. Kafin azahar hannun ma'aikaci ya yi kanta, ɗaurinsa ya soma yin sako-sako. Ɗauri in ya yi sako-sako, rodi yakan goce daga wurinsa sa'ad da ake zuba kankare ana takawa, kuma ba mai ganin wannan aibi bayan siminti ya rufe shi.

Haka abin yake a shinge. Makabarta mai mita 100 da mita 50 kewayenta mita 300 ne. In aka kafa turke kowace mita 3, turaku 100 ke nan. In layin waya huɗu ne, za a ja mita 1,200 na waya mai ƙaya, a yi ɗauri 400. Aiki irin wannan yana son filayar shinge mai dogon mariƙi da babban almakashi guda.

Wanda filayar aljihu ta dace da shi shi ne mai duba aiki, ko wakilin hakimi da yake zagayawa, ko mai gadin wurin. Shi ne zai tarar da bakin waya ya fito yana yagar rigar mutane, ko ƙofar shinge ta kwance, ya gyara nan take ba sai an aika gari neman ma'aikaci ba.

7. Haɗari biyu da ya wajaba a kiyaye

Na farko wutar lantarki. Filayar aljihu ƙarfe ce tun daga baki har mariƙi, ba abin da ya raba hannun mutum da wayar da ya kama. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, ta kuwa isa ta kashe mutum. Filayar da aka yi domin masu aikin lantarki tana da rufi mai kauri a mariƙi, an buga mata lamba 1000V da alamar kusurwa uku guda biyu, akan kuma rubuta IEC 60900, watau ƙa'idar da aka gwada ta a kai. Robar da aka shafa wa mariƙin filaya don daɗin riƙo ba kariya ba ce. Kafin a yanka wayar lantarki sai a kashe wuta daga tushe, a kashe janareta, a raba batir, sa'an nan a gwada a tabbata. A tuna kuma faifan hasken rana yana ba da wuta muddin rana tana dukansa, ko da an kashe komai a cikin gida. Wayar da take kan turakun titi ta kamfanin rarraba wuta ce, ba mai taɓa ta sai ma'aikatansa.

Har wa yau, masu fere robar waya da wuƙar filaya sukan yi wa jan ƙarfen rauni ba su sani ba. Wurin da aka yi wa rauni yakan karye daga baya, ko ya riƙa zafi a cikin bango, daga nan gobara take tashi. Aikin wayarin a bar wa wanda ya koye shi, da kayansa.

Na biyu ido. Guntun waya mai tauri in ya rabu yakan yi tsalle kamar an harba shi. Waya kuma da aka ja aka ɗame, in aka yanka ta, bakin biyu sukan yi bulala su dawo kan mai yankan da na kusa da shi. Saboda haka a sassauta waya kafin a yanka, ko a sa wani ya riƙe ɗaya gefen, a juya guntun ya dubi ƙasa, a sa tabarau na aiki da safar hannu ta fata, a kuma kori yara daga wurin. Wanda waya ta soka, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai shi asibiti a duba ko yana bukatar allurar rigakafin sarƙewar haƙora. Guntayen waya kuma a tsince su kafin a tashi, domin shanu sukan haɗiye su tare da ciyawa, su huda musu tumbi.

8. Yadda ake yanka da yadda ake adanawa

A buɗe bakin sosai, a tura wayar har gindi, a tsai da ita a giciye daidai, a matsa sau ɗaya a hankali. Kada a murɗa filayar ko a girgiza ta hagu da dama alhali ta ciji waya, gama wannan shi yake ɓantare kaifi, ya kuma sassauta ƙusar tsakiya. In hannu ɗaya ya matsa iyakar ƙarfinsa waya ba ta yanku ba, to, ta fi ƙarfin filayar ke nan. Kada a taka mariƙin da ƙafa, kada a buga shi da guduma, kada a zura masa bututu don a ƙara tsawo.

In bakin ya soma kamewa, ba ya buɗuwa sai an ja, alama ce kaifin ya lotsa ya fitar da ɗan tsini yana gogar ɗan'uwansa. A goge tsinin kaɗai da ƙaramin magagari, ba a cin jikin kaifin. Ƙurar hunturu da garin siminti suna shiga gaɓoɓinta su daskare, saboda haka a goge ta bayan aiki, a ɗiga mata man inji kaɗan a kan ƙusar. Da damina kada a mai da ita kube tana jiƙe, domin farin ƙarfe jinkirin tsatsa yake yi, ba ya hana ta ɗungum.

9. Aikin malamin hakimi

In aka kawo lissafin kayan da za a saya, malam ya fara tambayar irin wayar da za a yi aiki da ita, gejinta nawa, kuma ɗauri ko yanka nawa ake tsammani. Daga amsar ne za a san kayan da ya dace. In ɗan kwangila ya rubuta filayar aljihu a maimakon filayar ɗaurin rodi, ko babban almakashi, ko filayar lantarki, a mayar masa da takardarsa ya gyara. Sau da yawa kuɗin filayar aljihu ta asali guda ɗaya ya isa a sayi filayar sana'a fiye da ɗaya.

In kuwa an ga dacewar a saya wa mai duba aiki guda, a kiyaye abu huɗu. A rufe bakin a ɗaga shi sama wajen haske, in an hango rata tsakanin kaifin biyu a ajiye ta. A girgiza mariƙin, in yana motsi gefe da gefe ƙusar ba ta da ƙarfi. A tafi da guntun wayar ɗauri da guntun wayar lantarki mai sili da yawa a yanka a gaban mai kanti, a duba ko ta bar giɓi, ko ta bar sili bai yanku ba. In mai cirarren mayanki ce, a tambaya ko ana samun na canji da ɗan mabuɗin sukurorinsa, in ba a samu ba amfanin cirewar ya faɗi. Sunan kamfani da aka buga a jiki ba shaida ba ne, gama jabu ta yi yawa, kama da wane kuwa ba ta wane. A manyan kasuwannin kayan gini, irin ta Ƙofar Ruwa a Kano, akan sami mai kyau da marar kyau a jere, sai gwaji ya raba su. A karɓi rasit a kowane ciniki.

A littafin kaya a buɗe wa kowane abu layinsa: ranar saye, sunansa, kuɗinsa, wanda aka ba, ranar da ya dawo da shi, da halin da ya dawo. Abin da yake shiga aljihu ya fi kowane kaya saurin ɓacewa, don haka a yi masa alamar gunduma da fenti ko a buga masa lamba, kada kuma a ba da shi sai an sa hannu.

10. Tambayoyi domin bita

(1) Don me ake tura waya can gindin bakin filaya kafin a matsa?

(2) In kaurin waya ya ninka biyu, naman ƙarfen da za a yanka sau nawa yake ninkawa?

(3) Tsakanin geji 16 da geji 8, wace ta fi kauri?

(4) Waɗanne hanyoyi biyu ake bi a gane waya mai tauri ba tare da na'ura ba?

(5) Wace alama ake nema a jikin filayar da za a yi aikin lantarki da ita?

(6) Fili mai mita 60 da mita 30, turke kowace mita 3, layin waya uku: mita nawa na waya za a saya, ɗauri nawa za a yi, kuma wane kayan yanka ya kamata a rubuta a lissafi?

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan bayani a gaban dagatai da masu unguwanni da shugabannin magina kafin a soma kowane aikin gayya da waya ta shiga cikinsa, malamai kuma su ajiye takardar tare da littafin kaya domin dubawa a lokacin saye.